Takobi a bangon gidan abinci

Da na baro Garhanga na je Damagaram karatu, abokina ya kai ni wani gidan abinci kusa da Birni. An rataye takubba, garkuwar fata da tsohon sirdi a bango, tuwon ma a akushi aka kawo mana. Na ce wa mai wurin: "Baba, wanga takobi na wane barde ne?" Ya yi dariya: "Ɗana, ci tuwonka, a kasuwa na saye shi."

Bayan la'asar muka zaga fada da ragowar ganuwar Sarki Tanimun. Shi ya riƙe Damagaram har 1884, ya tara bindigogi, har igwa aka ƙera masa cikin gari. A zamaninsa ne, a 1876, gwamnatin Japan ta hana samurai, baraden ƙasar, yawo da takobi. Namu baraden kuwa Faransawa suka karya su a Tirmini a 1899.

Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ganuwar nan, wa ya kwaɓa ƙasarta? Wa ya ɗebo ruwan? Talakawa ne da bayi, kuma ba wanda ya rataye sunansu a bango.

Hutu ya kusa. Kakata a Garhanga tana riƙe da labarin yunwa da yaƙe-yaƙen Adar da ta ji daga bakin kakanninta. Zan zauna gabanta da bik da kaye tun tana da rai. 'Yan'uwa, ku ma ku tambayi naku.