Masallacin Juma'a da Kaburburan Tarihi na Haɗejiya

Tarihin masallacin Juma'a na Haɗejiya, a Jihar Jigawa, yana komawa zamanin Sarki Sambo, wanda ya hau mulki a 1808 bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma mai da garin hedikwatar masarauta.

Ban da masallacin, garin yana da kaburburan tarihi, kuma waɗanda aka fi tunawa su ne na 1906. A watan Afrilu na shekarar, sojojin Ingila suka faɗa wa birnin, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da jarumansa da dama. Shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Abin mamaki, Kyaftin Phillips, Baturen da Haɗejawa suka laƙaba wa Mai Tumbi, shi ma a garin aka binne shi.