Zare: WildFly da JBoss EAP, uwa ɗaya, farashi daban

1/ 'Yan kwamfuta na Samaru, masu rubuta Java, ku matso kusa. Me ya sa ake sauke WildFly kyauta, amma JBoss EAP sai kamfani ya biya kuɗin shekara, alhali tushensu ɗaya? Amsar tana cikin tarihi.

2/ A 1999 wani Bafaranshe, Marc Fleury, ya fara gina saba mai ɗaukar manhajojin Java, ya bar lambobinta a buɗe. Sunanta na farko EJBoss. Kamfanin Sun ya ce EJB sunansa ne, sai aka koma JBoss.

3/ A 2006 Red Hat ya sayi JBoss. Daga nan hanya ta rabu biyu: ta jama'a, JBoss AS, da ta kasuwa, JBoss EAP. Sunayen suka riƙa ruɗa mutane, shi ya sa a 2013 aka raɗa wa ta jama'a suna WildFly.

4/ Ku dubi IAR a nan Samaru. Masu bincike na fitar da sabon irin masara, SAMMAZ. Kamfanin iri ya karɓa, ya ninka, ya tantance, ya zuba a buhu da tambarinsa. Masarar dai ita ce. Abin da manomi ya biya shi ne tabbacin za ta tsiro.

5/ To haka nan. WildFly na fitar da sabon zubi kusan duk wata uku, gyara kuma sabon yake bi. Red Hat kan ɗauki zubi ɗaya ya gwada, ya riƙe shi shekaru yana toshe kafofin tsaro. EAP 7 na 2016 daga WildFly 10 ya fito.

6/ Wannan toshiyar fa ba wasa ba ce. A 2016 masu kutsen SamSam sun bi ta tsofaffin sabobin JBoss da aka bari ba gyara, suka kulle bayanan asibitoci a Amurka, suka nemi kuɗin fansa.

7/ Ɗalibi mai aikin kammala karatu, WildFly ta ishe ka. Amma in bayanan majinyata za ka riƙe, a asibiti mai girman na Shika, sai ka tambayi kanka: wa zai riƙa sabunta ta duk wata uku? In akwai ma'aikata, bismillah. In babu, a sa kuɗin EAP cikin kasafi tun farko.