BABI NA UKU: TARIHIN SASSAƘA MARIƘIN BUROSHIN ASKI A TURAI DA AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin mariƙin buroshin aski, wato abin nan da ake dasa gashi a cikinsa don a riƙa shafa kumfar sabulu a fuska kafin a sa aska. Za a duba abubuwan da aka riƙa yin sa da su, da injin da ake sassaƙa shi a kai. Manufar babin ita ce a nuna cewa sassaƙa mariƙi a gida, wadda wasu ke ɗauka sabon abu, tsohuwar sana'a ce da masana'antu suka kusa kashewa, sannan ta dawo.

3.1 Injin Sassaƙa Mai Juyi

Wannan inji ya bambanta da gizagon masassaƙanmu. Shi mai gizago ajiye itace yake yi ya sare shi, amma a nan itacen ne ake ɗaurewa ya yi ta juyawa, mai aiki ya ɗora masa kurfi yana fere shi har ya fito a mulmule. Dabarar daɗaɗɗiya ce, domin a kabarin Petosiris da ke Masar, wanda aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai zanen mutum biyu, ɗaya yana juya itace da igiya, ɗayan yana yanka. Daga baya Turawa suka koma juya shi da ƙafa, sannan da tururi, har aka zo kan lantarki.

3.2 Zamanin Hauren Giwa

Buroshin aski ya yaɗu a Faransa da Ingila a ƙarni na 18. Gashin da aka fi daraja shi ne na wata dabbar daji dangin dage, saboda yana riƙe ruwa, shi ya sa ma Faransawa ke kiran buroshin da sunan dabbar. Mariƙi kuwa shi ke nuna matsayin mai shi. Talaka na itace ko ƙashi yake saye, mai hali kuwa sai ƙaho ko azurfa ko hauren giwa. Dalilin fifita haure shi ne yana sassaƙuwa sumul a kan inji, yana ɗaukar ƙyalli, kuma ya fi itace jure ruwa. Sai dai haure daga Afirka da Asiya ake kawo shi, ga tsada, ga kuma masu yin ƙwallon wasan tebur da mataji duk shi suke nema.

3.3 Shigowar Roba

Tsadar haure ce ta sa aka shiga neman madadinsa. A 1870 John Wesley Hyatt, Ba'amurke, ya yi rajistar hanyar yin selulod, roba mai kama da haure. A 1907 kuma Leo Baekeland ya ƙirƙiro Bakelite a New York. A nan ya kamata a lura da cewa roba iri biyu ce ta shiga sana'ar. Akwai wadda ake matsawa a mazubi ta fito da siffar mariƙi kai tsaye, wannan ba ta bukatar masassaƙi ko kaɗan. Akwai kuma irin su Catalin, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1920, da ake zubawa ta daskare sanda-sanda, sannan a fere ta kamar haure. Wannan ta biyun ita ce ta bar wa masassaƙa abin yi. Alal misali, kamfanin Simpson da Alexander Simpson ya kafa a Landan a 1919, wanda ya koma Somerset bayan an yi wa masana'antarsa ruwan bama-bamai a 1941, ya yi suna ne da mariƙan da ake ferewa ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka kasuwa ta ci gaba da ja baya. A 1925 aka fara sayar da Burma-Shave, man aski da ba ya bukatar buroshi, a 1949 kuma kumfar gwangwani ta fito a Amurka. Bugu da ƙari, a 1989 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe.

3.4 Komawar Sana'ar Gida

Daga shekarun 2000 wasu maza a Amurka da Turai suka koma aski da sabulu da buroshi. Da yake ƙananan injunan lantarki sun yi araha, kuma ana sayar da gashi a ɗaure, galibi daga ƙasar Sin, sai mutane suka fara yin mariƙi a gidajensu. Ana huda rami daidai da faɗin gindin gashin, yawanci milimita 20 zuwa 28, a fere jikin, a goge da sanfefa, a shafa abin da zai hana ruwa shiga, sannan a dasa gashin da gam. Zurfin ramin shi ke sa buroshi ya yi tauri ko laushi. Wannan kuwa abu ne da masana'anta ba ta iya daidaita wa kowane mai saye, amma mai yi a gida yana iyawa.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga yadda kayan yin mariƙi suka sauya daga haure zuwa roba, alhali hanyar ferewa tana nan yadda take. An kuma ga cewa sana'ar ta tsira ne a inda ta ba mai saye abin da mazubi bai iya ba shi ba. Babi na gaba zai auna wannan batu da halin da sassaƙar gargajiya take ciki a ƙasar Hausa.