Saɓanin hanyar shiga da fita a sadarwar kwamfuta

Saɓanin hanya matsala ce da ke samun sabar mai katin sadarwa fiye da ɗaya, inda fakiti ke shigowa ta wani kati, amsa kuma ta fita ta wani. A Linux, idan saitin tace fakiti na rp_filter yana kan 1, tsari mai tsauri da RFC 3704 ta 2004 ta bayyana, kwamfutar kan yar da irin wannan fakiti. Shi ya sa manhajar duba fakiti ta tcpdump ke nuna ya iso, amma manhajar da ake aika wa ba ta karɓe shi ba. Wasu kan mayar da rp_filter 0 su huta, sai dai hakan na buɗe ƙofa ga adireshin bogi. Ya fi inganci a ba kowane kati teburin hanyoyinsa ta umarnin ip rule.