Koranti, Babban Birnin Akaya

Birnin Koranti da Manzo Bulus ya sauka a cikinsa wajen shekara ta 50 bai kai shekara ɗari da kafuwa ba. Tsohon birnin Helenawa kuwa, sarkin yaƙin Roma, Mummiyus, ya rushe shi a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, ya sayar da mata da yara bayi. Wurin ya zama kusan kufai har shekara ta 44, lokacin da Yuliyus Kaisar ya sāke kafa shi, ya zuba masa mutane daga Roma, yawancinsu 'yantattun bayi. A shekara ta 27 kuma, duk kafin haihuwar Almasihu, aka kafa lardin Akaya, Koranti ya zama mazaunin gwamna.

Masu wa'azi sukan ambaci karuwai dubu na haikalin Afrodit. Sai a yi hattara. Marubucin da ya kawo labarin, Sitirabo, yana magana ne a kan tsohon birnin da aka rushe. Fasikanci dai akwai shi a zamanin Bulus, wasiƙunsa sun shaida, amma abin da ya fi siffanta sabon birnin shi ne kuɗi.

Arzikin daga wurin zamansa ya fito. Birnin yana bakin wani siririn wuyan ƙasa mai faɗin kusan kilomita 6, wanda ya haɗa kudancin ƙasar Helenawa da arewacinta. Yana da tashoshin jiragen ruwa biyu: Lekiyon ta yamma, mai fuskantar Italiya, da Kankiriya ta gabas, mai fuskantar Asiya, inda Fibi take hidimar ikkilisiya. Matuƙa suna tsoron kewaya kudancin ƙasar saboda hadarin teku, don haka sukan sauke kaya a tasha ɗaya, a ƙetare da su ta tudu zuwa ɗayar. 'Yan dako da dillalai da masu masauki duk suna cin abinci a wannan ƙetarewa. Kaisar Nero ya fara haƙa mashigin ruwa a shekara ta 67, bai gama ba. Sai a 1893 aka buɗe shi. Ga kuma wasannin Istimiya duk bayan shekara biyu, masu jawo dubban baƙi. Ba mamaki Akila da Bilkisu, masu ɗinkin tanti, suka sami kasuwa a nan.

A gari irin wannan, inda ba gidajen sarauta na asali, mutum da dukiyarsa yake sayen girma. A 1929 aka tono wani dutse mai ɗauke da sunan Arastas, wanda ya shimfiɗa daɓen fili da kuɗinsa domin muƙamin da aka ba shi. Wasu masana suna ganin shi ne ma'ajin garin da aka ambata a Romawa 16:23. Da wannan ido ya kamata a karanta 1 Korantiyawa: ƙungiya-ƙungiya a bayan shugabanni a sura ta 1, kai ƙarar 'yan'uwa kotu a sura ta 6, da sura ta 11, inda masu hali sukan riga cin Jibin Ubangiji, su bar marasa shi da yunwa.