Labarin Fiɗar Cire Mahaifa: Ta Ciki Ko Ta Ƙasa?

 Yau zan ba ku labarin fiɗar cire mahaifa, don in likita ya ambata ta ga iyalinku, kada hankalinku ya tashi.

Hanya biyu aka daɗe da sani. Ko a tsaga mara, ko kuwa a bi ta ƙasa, watau ta hanyar haihuwa. Ta ƙasa ita ce babbar ya. A 1813 wani likita na Jamus, Langenbeck, ya yi wa wata mace ita, ta kuwa tashi. Ta ciki sai a 1843 Charles Clay ya gwada a Ingila, matar ba ta yi rai ba. A 1853 Walter Burnham na Amurka ya yi nasara, amma duk da haka zubar jini da ruɓewar ciki suka yi ta kashe mata. Abin bai yi sauƙi ba sai bayan 1867, da Lister ya koya wa likitoci kashe ƙwayoyin cuta.

To, wace ta fi wahala? A 1982 aka buga binciken mata 1,851 a Amurka. Cikin kowace 100 da aka tsaga wa ciki, wajen 43 sun sami matsala, kamar zazzaɓi ko bukatar ƙarin jini. Na ƙasa kuwa wajen 25. Dalili, miki a mara yakan yi ruwa, yakan kuma daɗe bai warke ba. Amma kowace hanya aka bi, ana iya taɓa mafitsara, har ya jawo yoyon fitsari.

Kada ku ce ashe sai ta ƙasa. In mahaifa ta zazzago, ta ƙasa ta dace. In ƙari ya girma ƙwarai, ko mahaifa ta fashe don doguwar naƙuda, ba makawa sai an buɗe ciki. Wannan na ƙarshe shi ya fi damunmu a nan. Binciken da Harrison ya yi a Zariya daga 1976 zuwa 1979 ya nuna matan da ba su zuwa awo su suka fi mutuwa wajen haihuwa.

Saboda haka, maigida, bar matarka ta je awo. In naƙuda ta kwana ta yini, kada a jira, a kai ta asibitin Anka ko Gusau, a tafi da 'yan'uwa masu ba da jini. Allah ya ba mu lafiya, amin.