Abijan, Birnin Bakin Teku

Da wuya a sami gari a ƙasar Madawa, ko Buza, ko Keita, wanda ba shi da ɗa a Abijan. Da an ƙare girbi sai ka ga samari suna ɗaure kaya, sun tafi bida. Mun san sunan birnin kamar sunan Tawa, amma kaɗan daga cikinmu suka san labarinsa. Wataƙila wata rana ka tafi, ba don bida ba, don ka gano ɗanka ko ƙanenka, ka kuma kashe kwarkwatar ido. To, ga labarin abin da za ka gani.

Abijan ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina. Sa'ad da fatake Hausawa ke zuwa Gwanja sayen goro, wurin duk ƙauyukan masunta ne, mutanen da ake kira Ebiriye. Suna zaune gefen wani babban tabki mai tsawo, wanda tudun rairayi ya raba shi da teku.

Da Faransawa suka kafa mulkinsu a ƙasar Kwadebuwa cikin 1893, ba Abijan suka zauna ba. Garan Basam suka zauna, daidai bakin teku. Cikin 1899 ciwon shawara ya faɗa garin, ya kashe Nasara da yawa. Sai suka ƙaura zuwa kan tudu, wani wuri da suka sa wa suna Banjarbil. Abijan ba ta zama babban birni ba sai 1934.

Jirgin ƙasa shi ya fara ta da garin. Cikin 1904 aka soma shimfiɗa hanyarsa daga Abijan zuwa arewa. Ta kai Buwake cikin 1912, ta kai Bobo cikin 1934, ta kai Wagadugu cikin 1954. Sunan da aka ba ta shi ne Abijan-Nijar, don nufin a kai ta har kogin Kwara. Ba ta iso ba. Ƴan bidarmu na dā sai su shiga mota har Wagadugu, daga nan su hau jirgi su gangara kurmi.

Kada ka zaci da daɗin rai aka yi wannan aiki. Aikin tilas ne. An kwaso mutane da yawa, musamman Mosawa, aka sa su saran daji da noman koko da gahawa a gonakin Nasara. Sai cikin 1946 aka hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki, har da tamu. Wanda ya kai maganar gaban majalisar Faransa ɗan Kwadebuwa ne, sunansa Ufuwet Bwanyi. Tsofaffinmu da suka ɗauki dutse a ka suna gyaran hanya sun san darajar wannan doka.

Abu na biyu da ya ta da Abijan shi ne ruwa. Da farko manyan jiragen ruwa ba su iya shiga tabkin. Sai su tsaya can cikin teku, ana sauke kaya da wahala. Cikin 1950 aka gama haƙa wata babbar hanyar ruwa da ake kira Biridi, ta haɗa teku da tabki. Cikin 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa. Daga nan fa gari ya buɗe. Koko, gahawa, katako da ayaba suna fita, kaya suna shigowa, ana neman masu ƙarfi ko ta ina. Mutanen Mali suka zo, da na Gine, da na Senegal, da Yarabawa, da Kwarori ƴan Labanan masu kantuna. Mu ma muka zo.

Nasara sun riƙe tsakiyar gari, unguwar Filato, inda dogayen benaye suke yau. Baƙar fata aka ba su Tireshbil a hayin ruwa, da Ajame ta arewa. Gadar da za ka bi daga Filato zuwa Tireshbil an buɗe ta cikin 1957. A Tireshbil ɗin nan wani Bafaranshe, Jan Rush, ya ɗauki wani siliman da ya fito cikin 1958, a kan zaman samarin Nijar masu aikin ƙarfi. Babban ɗan wasan shi ne Umaru Ganda, wanda daga baya ya zama gwanin silima a ƙasarmu.

Nijar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, Kwadebuwa ran 7 ga wannan wata. Ufuwet ya zama shugaba, ya buɗe ƙofa ga baƙi, don ya san gonakin koko ba su nomuwa sai da hannuwa. A wannan zamani wasu ƙofofi suna rufewa. Gana ta kori baƙi cikin 1969. Nijeriya ta yi haka cikin 1983. Ga kuma fari ya matsa mana cikin 1973 da 1984. Shi ya sa Adarawa da yawa suka karkata Abijan. Ka tuna aikin raya ƙasar Keita da aka fara cikin 1984 da taimakon Italiya. Mata su suka fi yawa wajen jera duwatsu da dashen itatuwa, don maza suna kurmi.

Me suke yi can? Ka san amsa. Talla, gadi, dako, sayar da shayi da burodi, tukuba, gyaran takalmi, kirin tufafi. Wasu sun zama manyan ƴan kasuwa. Albasar Galmi da ta kwarin Madawa tana cika manyan motoci zuwa kasuwannin Abijan. Kuɗin da aka aiko sun sayi hatsi a shekarar yunwa, sun yi aure, sun rufa ɗaki da kwano. Amma mu faɗi gaskiya, akwai kuma matan da suka shekara biyar suna jiran wasiƙa, da yaran da ba su san fuskar ubansu ba.

Akwai abin da zai ba ka dariya. Abincin da talakan Abijan ya fi so sunansa garba. Garin rogo ne turararre da suke kira aceke, da soyayyen kifin teku, da albasa da tonka. Ana cewa ƴan Nijar ne suka fara sayar da shi a bakin hanya, sai sunan mai saidawa ya bi abincin. Yau ɗalibi da direba da ma'aikacin gwamnati duk suna layi wurin mai garba. Ga birni mai benaye, ga sunanmu a bakin kowa da safe.

Zaman bai tafi sumul ba. Da farashin koko ya faɗi, sai aka fara duban baƙo da wani ido. Wajen 1990 aka fito da katin zama, wanda baƙo zai biya kuɗi ya yanka. Ufuwet ya rasu ran 7 ga Disamba 1993. Bayansa ƴan siyasa suka ta da maganar wane ne ɗan ƙasa na asali. Soja suka yi juyin mulki cikin 1999, yaƙi ya ɓarke cikin 2002, ƙasa ta rabu biyu. Rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 ya ci rayuka wajen 3,000. Ƴan'uwanmu da yawa sun komo gida hannu wofi. An soke katin zaman nan ga mutanen Afirka ta Yamma cikin 2007, amma tabon bai ɓace ba. Cikin watan Mayu 2021 wani hoton ƙarya ya yawata a wayoyi, aka ce wai ƴan Nijar ke dukan ƴan Kwadebuwa. Aka far wa mutanenmu a unguwanni kamar Abobo da Yofugon, har aka yi rashin rai. Wadda ta yaɗa maganar an ɗaure ta.

Game da takardu, yarjejeniyar Sedeyawo ta 1979 ita ta ba mutanenmu damar shiga ba tare da biza ba. Nijar ta fita daga wannan ƙungiya cikin Janairu 2025. Saboda haka kafin ka yanki tikiti, ka tambayi hukuma takardun da ake bukata, ka riƙe katin allurar shawara. Kuɗi dai iri ɗaya ne, sefa, ba ka bukatar canji.

Tun 1983 aka mai da babban birnin ƙasa Yamusukuro, garin Ufuwet, amma kasuwa da arziki suna Abijan. Ƙidayar 2021 ta sami mutum fiye da miliyan 5 a cikinta. In ka sauka Ajame, hayaniya za ta ruɗa ka. Kada ka damu. Harshen kasuwa Jula ne da Faransanci, amma ba za ka yi nisa ba sai ka ji Hausa. Zafinsu ba irin namu ba ne, gumi ne dare da rana, ruwan sama kuwa ya fi yawa cikin Yuni. Ka sa mai masaukinka ya shigar da kai jirgin ruwan haya da ke ƙetare tabki, ka ga Filato daga kan ruwa. Ka je Banko, daji mai dogayen itatuwa a tsakiyar gari. 

In ka sami rana guda, ka tafi Garan Basam, ba ta da nisa. Tsofaffin gidajen Nasara suna nan, an sa su cikin kayan tarihin duniya tun 2012. Bayansu teku ne, ruwa iyakar ganinka, yana ruri ba fasawa. Ka tsaya kan rairayi ka sha kallo, ka ɗanɗana gishirinsa in ka so. Amma kada ka shiga, igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, tana jan ko gwanin iyo.